A Duba Bos Ɗin Tukuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, wan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a Lyon, bayan jinyar mako uku. Ni aka ɗora wa sanar da jama'a. Wanda na fara kira shi ne amininsa, dattijon da suka yi aikin masana'anta tare a Vénissieux tun suna samari, wanda duk muke ce wa Alhaji. Na faɗa masa, sai ya ce, "Ɗiyata, kin gan shi da idonki, ko wayarsa ce ba ta shiga?"

Na ce, "Alhaji, ina gefen gadonsa ya cika."

Ya ce, "To yanzu na yarda. Allah ya jiƙansa."

Ta biyun da na kira wata ƴar garinmu ce a Saint-Denis. Ko salati ba ta gama ba ta ce, "Ke dai a duba bos ɗin tukuna." Na uku ma haka ya ce. Bos ita ce akwatin nan na intanet da wayar gida ke rataye a jikinsa yanzu. Ina kuka ina dariya, har wata ma'aikaciyar asibiti ta leƙo ta ga ko lafiyata ƙalau. Ban ga laifinsu ba, don Kawu ya taɓa mutuwa sau ɗaya a bakin mutane, kuma bos ce ta kashe shi. Zan zo kan wannan.

An yi zaman makoki a gidansa, hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes. Falo ya cika, takalma sun taru har bakin asansar, na'urar hawa bene. Wayar gidan kuwa ba ta huta ba, ana ajiyewa tana sake ƙara: daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Marseille, daga wuraren da ban san akwai namu a can ba. Rana ta uku, bayan an shafa addu'a, Alhaji ya nuna wayar da carbinsa ya ce, "Mai gida ya tafi. Ita kuma wannan fa?"

Kowa ya san abin da yake nufi. Allah bai ba Kawu da matarsa, wadda muke kira Tanti, haihuwa ba. Tanti ta riga ta ce da ta fita takaba gida za ta koma, a mayar wa hukumar gidaje makullinsu. Ranar da aka rufe gidan, lambar Kawu za ta mutu. Sai duk falon ya juyo yana kallona, ni kuwa na duƙufa kan zuba shayi kamar ba da ni ake ba.

Wanda bai san lambar nan ba zai ce mene ne abin damuwa a lambar waya. To, fiye da shekara arba'in, duk ɗan garinmu da zai zo Faransa, ɗalibi ne ko mai jinya ko mai neman aiki, sai an rubuta masa ita a ƴar takarda an cusa cikin fasfo. Akwai tsofaffi a Damagaram da ba su san lambar ƴaƴan cikinsu ba, amma ka tashe su daga barci za su karanto maka ta Kawu. Ni kaina da ita na zo. Na sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Lyon da akwati biyu, wanda aka ce zai tarye ni bai zo ba, sanyi na cin ƙafafuna. Na shiga ɗan ɗakin wayar nan na bakin titi, da yake lokacin akwai su, na buga. Ƙara biyu aka ɗauka. Bai tambaye ni ko ɗiyar wace ce ni ba, duk da ni ɗiyar ƙanwarsa ce kuma bai san muryata ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kina ina? Tsaya inda kike, kar ki motsa." Haka yake ce wa kowa.

Wayar fikis ce, ta girke, toka-toka, mai igiya murɗaɗɗiya. Tana da kujerarta ta musamman a falo da ɗan mayafin da Tanti ta saƙa mata. Ba a ɗora mata kofi, ba a jan igiyarta. Dokar gidan ita ce ba ta yin ƙara uku ba a ɗauka ba, ko da Kawu na tsakiyar cin tuwo ne, sai ya ɗauka da hagu. Idan zai fita kasuwa Tanti ta zauna, idan Tanti za ta biki shi ya zauna. Mun saya masa salula har sau biyu, duk suna cikin durowa a kashe. Cewa yake, "Waya mai yawo, mai ita ma yawo yake. Tawa tana zaune, shi ya sa ake samunta."

Yana da labari ɗaya da ya fi so, kuma wallahi na ji shi ya fi sau ɗari. Wata rana da la'asar aka yi iska mai ƙarfi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a benensu gaba ɗaya. Lokacin maƙwabta duk sun koma bos, suna yi masa dariya wai yana riƙe da kayan tarihi. Wuta na ɗaukewa wayoyinsu suka mutu tare da firiji da talabijin. Tasa kuwa, da yake tsohon layi da ɗan kuran ɗinsa yake zuwa ta cikin igiya, ya ɗaga ya ji tana kukanta lafiya lau. Sai ga maƙwabciyarsa, wata tsohuwa ƴar Aljeriya, tana dukan ƙofa: numfashin mijinta ya sarƙe, salularta babu caji. Da wayar Kawu aka kira motar asibiti, kuma shi ya sauka hawa goma sha ɗaya da ƙafa ya nuna wa ma'aikatan hanya. Mutumin ya ƙara shekara shida a duniya. Duk sallah sai tsohuwar ta kawo farantin kayan zaƙi, Kawu ya ce ta ajiye kusa da wayar, don ita ta yi aikin.

To ga ni, na gama karatu, na samu aikin kwamfuta a Paris, na zauna a Saint-Denis, kaina ya yi girma. Duk zuwan da zan yi Lyon sai na tayar da maganar bos. Na ce ta fi sauƙi, ga intanet, ga talabijin, ga shi za ka yi ta hira da ƴan Marseille ba ka kallon agogo. Ya ce, "Injiniya," don haka yake kirana idan zai tsokane ni, "idan wuta ta ɗauke fa?" Na ce sau nawa wuta ke ɗaukewa a Faransa? Ya ce, "Sau ɗaya. Ranar da kike bukata."

Ni ba na iya barin gardama, wannan halina ne, a nono na sha. Wata rana na ce masa tsoron sabon abu ne kawai ke damunsa irin na tsofaffi. Ya ajiye cokali ya dube ni. Wata biyu ina kira yana ɗauka a ƙara ta biyu kamar kullum, ya amsa gaisuwa, ya ce, "Ga Tantinki," ya miƙa mata. Abin ya ci min rai ƙwarai. Sai da na hau jirgi na zo na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe tun ranar, yana so ne kawai in ɗanɗana yadda layi ke yi idan ya mutu.

A ƙarshe ba ni na ci gardamar ba, takarda ce. Kamfanin waya ya rubuto cewa ana naɗe tsofaffin layukan tagulla unguwa bayan unguwa, kuma tasu na kan hanya. Ya kira ni ya ce in zo in saka masa abin nawa, amma da sharaɗi biyu: lamba ba za ta canja ba ko da ɗigo, kuma tsohuwar wayarsa za a jona, ba wata sabuwa ba. Na cika duka biyun. Ya tsaya yana kallon fitilun bos ɗin suna ƙyaftawa, ya ce, "Wannan mai yawan ƙifta ido ba ta da amana."

Rigima ta farko daga Damagaram ta zo. Yayarsu, wadda muke kira Inna Babba, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci take kiransa, kuma gaisuwarsu kaɗai ta isa a dafa shayi a shanye. Sabon layin kuwa, idan kira ya yi nisa, magana takan makara kaɗan kafin ta iso. Sai ta ce "Ina wuni," ta ji shiru, ta ƙara "Ina gajiya," daidai lokacin da "Lafiya lau" ɗinsa ke isowa, su yi karo. Shi ya tsaya don ta wuce, ita ma ta tsaya, sai su sake tasowa tare. Juma'a uku ana haka, sai ga saƙo ta bakin mahaifiyata: Inna Babba ta ce ƙaninta ya zama Bature, tana gaishe shi yana ja mata aji, idan ya tashi amsawa kuma ya katse ta. Ita da ta goya shi.

Kawu ya kwana biyu abin na cinsa, sannan ya samo dabara. Ya ce mata daga yau duk wanda ya gama maganarsa ya ce "Na ajiye," ɗayan ya ɗauka. Juma'ar da ta biyo ya gaishe ta tsaf, ya ce, "Yaya, na ajiye." Ita kuwa ta ce to, ta kashe wayarta. Sai da aka sake zaman sulhu. Daga nan suka koma "Bismillah," kamar mai miƙa kwano. Ta yi gaisuwarta ta ce "Bismillah," ya ɗan jira, ya amsa ya ce "Bismillah, Yaya." Abin ya zauna daram. Kafin shekara duk mai kiran gidan ya koya, har mu na Paris da layinmu ba ya makara. Na taɓa ce wa shugabana a wurin aiki "Bismillah" a ƙarshen bayani, ya tsaya yana kallona.

Sai mutuwar farko. Ana saura mako guda sallah, ɗinki ya yi wa Tanti yawa, ta jawo kekenta na kuran zuwa falo don ya fi haske. Ta duba bayan kujera ta ga piriz ɗin bango, wurin jona wuta, a cike, ta zare filogi ɗaya ta saka nata. Na bos ta zare. Ita a saninta waya ba ruwanta da kuran, shekara arba'in haka ta san ta. Kwana uku wayar ba ta yi ƙara ba. Kawu na zaune gefenta yana cika yana batsewa, wai duniya ta manta da shi, kuma ya rantse ba zai fara kiran kowa ba, don haka ko ɗaga ta bai yi ba balle ya ji ta mutu.

Can gida Inna Babba ta kira Juma'a ba ta samu ba, ta kira Asabar, ta kira Lahadi. Ta ce tun da take ba a taɓa kiran lambar nan ba a ɗauka ba, in dai yana numfashi. Magana ta bar bakinta a "ba ya ɗauka," ta iso Paris da safiyar Litinin a "ya rasu." Na kira, shiru. Salular Tanti na ƙarƙashin tulin atamfa. Ni da dattawa uku muka hau jirgin safe, ina kuka tun daga Paris har Lyon, ina tuna duk rashin kunyar da na yi masa.

Muka ƙwanƙwasa, sai ga Kawu ya buɗe da kansa, da hularsa da tsinken sakace a baki. Ya ce, "Sannunku da hanya. Ku shigo, mamacin bai gama karyawa ba." Falo cike da ƴan Lyon da suka riga mu zuwa gaisuwar mutuwa, suna shan kunu. Ashe shi ya hana su kira mu, ya ce a bari ya ga wa zai zo. Ɗaya daga cikin dattawan ya zauna a ƙasa yana salati yana dariya har hawaye. Ni kuwa na rarrafa bayan kujera na fito da filogin a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage. Kawu ya ce, "Injiniya, tsohuwar tawa sai an yanke igiya take mutuwa. Taki keken ɗinki ma kashe ta yake." Waɗanda ba su zo ba kuwa sun shiga uku, har ya bar duniya yana ce musu, "Kai da ba ka zo jana'izata ba."

Bayan nan na kawo masa batirin nan da ke riƙe bos na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke, na naɗe filogin da jan tef na rubuta kar a taɓa. Ya sa wa batirin suna Ɗan Jinya, wai wayar da sai da mai jinya ai ba lafiyayya ba ce. Ya koyi zare ta ya mayar idan ta sume, yana yi yana mita. Amma fa ya ji daɗinta, ko da bai taɓa faɗa ba. Sai ya yi awa guda yana hira da abokansa na Marseille, Tanti na cewa tun da aka saka abin nan ba ta da miji. Kuma kowace safiya, kafin ya karya, sai ya ɗaga ya kara a kunne ya tabbatar tana da rai.

Bara, ina gyara masa wani abu a bayan kujerar, ya ce, "Injiniya, an ce yanzu lamba tana iya ƙaura? Ko zuwa Paris?" Na ce tana iyawa, tunda ba a igiyar bango take ba yanzu. Ya ce, "Ashe mai ƙifta idon tana da abin kirki guda." Na gane sarai inda ya dosa, sai na tare shi. Na ce Kawu, ni fa ɗakina biyu ne, ina fita da safe sai yamma, ga miji ga aiki, ba zan iya mayar da gidana tasha ba. Kowa yanzu da salularsa, wa ke bukatar lambar gida? Ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarki." Bai sake tayar da maganar ba, ko a asibiti. Wannan "gaskiyarki" ita ta hana ni ɗaga ido ranar da Alhaji ya nuna wayar da carbi.

Wata huɗu da kwana goma ina kai da komo tsakanin Paris da Lyon, ina taya Tanti haɗa kaya. Na ga ana ta kira. Wasu gaisuwa, wasu ba su ji rasuwar ba, wasu sun ji amma hannunsu ya saba. Inna Babba ba ta fasa Juma'arta ba, sai ta gaisa da Tanti, su yi ta miƙa wa juna Bismillah. Ranar da za a mayar da makulli aka kwashe komai, ya rage wayar a kan kujerarta a tsakiyar falo. Tanti ta ninke mayafin ta ɗora a kai ta ce, "A bayar ko a zubar?" Ban san lokacin da na ce a sa min a jaka ba. Da na faɗa wa maigidana ya ce shi tun ranar sadakar uku ya share mata wuri, yana jira ne in gama taurin kaina.

An mayar da lambar kan bos ɗina a Saint-Denis. Na saya mata Ɗan Jinyarta, na naɗe filogi da jan tef, na kuma sa idan ba kowa a gida kira ya biyo ni kan salula, dabarar da na san Kawu zai ce ha'inci ce. Kwana tara ba ta yi ƙara ba, har na fara ɗagawa da safe ina karawa a kunne.

Ranar Asabar da azahar ina wanke shinkafa ta yi ƙara. Na ɗauka a ta biyu, hannuna na ɗigar ruwa. Muryar wata mata ce, a gajiye, bayanta hayaniyar tasha.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne gidan Kawu? Ni malama ce daga Damagaram, na zo wani kwas, wanda zai tarye ni ba ya ɗaukar waya. Wata tsohuwa a unguwarmu ta rubuta min lambar nan, ta ce ko mai ita ba ya nan za a ɗauka." Sai kamar ta tuna wani abu da aka ja mata kunne a kai, ta ce, "Bismillah."

Na jira kamar yadda ake jira, sannan na ce, "Nan ne. Kina ina?"

Ta ce babbar tashar Lyon. Ni kuwa ga ni a Saint-Denis, tafiyar awa biyu a jirgi, da shinkafa a hannu. Dariya ta kuɓuce min, don na san da yana nan sai ya ce, Injiniya, kin ƙaurar da lamba kin manta da tasha. Na laluba salula da ɗaya hannun na nemo Alhaji, wanda jirgin tiram ɗaya da na metiro ne tsakaninsa da wurin. Ya ce yana sa takalmi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa. Yadda bai taɓa barin mai kira ya kai ƙara uku ba, Allah ya amsa masa tun a kiran farko.

Na mayar da wayar kunne na ce, "Malama, wani dattijo mai farar hula na zuwa. Tsaya inda kike, kar ki motsa. Bismillah."